Daɓen kankare na gida: tambayoyi kan shiri, zubi da ban ruwa

Me ya sa daɓe yake tsagewa ko ya lotsa alhali an zuba siminti isasshe?

Yawanci laifin na ƙasan da ke ƙarƙashinsa ne. Kankare yana jure nauyin da ke danne shi, amma ba ya jure lanƙwasa, don haka duk inda ciko ya zauna ya bar rami, nan zai karye. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi gaba ɗaya. Ciko kuma ba a jibge shi lokaci guda: a zuba kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. Idan ka taka da dunduniya sawunka ya fito, aiki bai yi ba tukuna. A sama a shimfiɗa tsakuwa kamar santimita 10, a rufe da yashi kaɗan don kada ta huda leda, sannan a shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan ɗaya da aƙalla santimita 15. Ita ke hana danshi tasowa ya ɓata fenti da tayil. Bututun ruwa da na wuta duk a gama sa su kafin zubi.

Wane kauri ya dace, kuma siminti nawa zai ci?

Santimita 10 ya ishi ɗaki ko baranda, inda mota za ta tsaya kuwa a kai 12 zuwa 15. Kwaɓin da aka saba shi ne 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu mai kilo 50 yana cika kimanin lita 35, ke nan yashi lita 70, tsakuwa lita 140. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 a kaurin santimita 10 zai ci wajen buhu 13; a tanadi 14 saboda zubewa da rashin daidaiton ƙasa. A auna da bokiti ko kwano ɗaya, shebur ba mudu ba ne. Wannan lissafin na daɓen da ke kwance a ƙasa ne, na bene sai injiniya ya fitar.

Ina rodi yake zama?

A cikin kankaren, daga tsakiya zuwa sama kaɗan. Ragar ƙarfen da aka bari kwance a kan leda asarar kuɗi ce. A ɗora ta kan 'yan guntayen kankare, kuma kada a yarda da “za mu ɗaga ta lokacin zubi”, domin ƙafar leburori za ta mayar da ita ƙasa.

Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi laushi. Akwai illa?

Akwai, babba ma. Lita 25 ga buhu ɗaya ita ce iyaka, idan yashin jiƙe yake a rage. Ruwan da ya wuce buƙatar siminti zai ƙafe ya bar ƙananan kofofi, sai daɓen ya yi rauni, ya yi ta fitar da ƙura ko bayan shekaru. Kwaɓi mai kyau idan ka yanke shi da shebur gurbin yana tsayawa, ba ya malalewa kamar kunu. Wanda ya fara sandarewa a baro kuwa ba a farfaɗo da shi da ruwa.

A fara zubi daga kusurwa mafi nisa, a tafi ba tsayawa, don sabon kwaɓi ba ya kama wanda ya riga ya daskare. A caccaka da rodi ko injin girgiza iska ta fita, a bubbuga katakon gefe da guduma, sannan a ja miƙaƙƙen katako a share sama. Daɓen waje a ba shi gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya kau da ruwa daga bango.

Ruwa ya taso a sama bayan sharewa, a barbaɗa busasshen siminti?

A'a. A jira ya ƙafe, ƙyallin ya ɓace, har yatsa ya bar ɗan sawu kawai, sannan a goge. Gugar da aka yi cikin ruwan nan, ko simintin da aka barbaɗa, su ke haifar da ɓawon da ke ɓarewa daga baya. Daɓe mai faɗi a tsaga masa layi kowace mita 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, kafin a kwana ɗaya. Kankare sai ya tsuke. Layin yana zaɓa masa wurin tsagewa ne.

Kwana nawa za a yi ana ba shi ruwa?

Bakwai aƙalla. Mutane suna cewa “a bari ya bushe”, alhali siminti da ruwa yake yin ƙarfi, kuma da zarar ya bushe ƙarfin ya tsaya inda ya kai. Watsa ruwa safe da yamma a bar rana ta ƙone shi a tsakani ba ya wadatarwa. Da zarar saman ya taurare a jiƙa shi a lulluɓe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, a danne gefuna da bulo, ko a yi ɗan shinge da yashi a tare ruwa a kai. Lokacin zafi da busasshiyar iska a yi zubi da sassafe, a rufe da wuri. Ana iya takawa bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ƙaramar mota bayan kwana 7, lokacin ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Babbar mota sai ya cika kwana 28.