Kada Lambar Majiyyaci Ta Ɓata a Hanya

Abokan aiki, musamman ku da ke zama gaban kwamfuta kuna shigar da bayanai, akwai abin da ya daɗe yana damuna.

Bayanan majiyyaci ɗaya a warwatse suke cikin manhaja: rajistarsa daban, sakamakon gwajin jininsa daban, maganin da likita ya rubuta masa daban. Lambarsa ce kaɗai ke ɗinke su wuri guda. Suna bai isa ba, don sau da yawa mutum biyu sukan yi suna ɗaya, har shekarunsu su zo ɗaya.

Da idona na ga an kwashe bayanai zuwa Excel, manhajar jera bayanai da lissafi, don a yi gyara. Lambar wata baiwar Allah 00457 ce. Excel ya ɗauke ta a matsayin lissafi, ya share sifilin da ke gaba, ta koma 457. Da aka mayar da bayanan, sakamakon gwajinta ya tsaya ba mai shi. Sai da aka sake ɗibar jininta, tana zaune tana jira, alhali aikin an riga an yi shi. Haka kuma Excel ba ya riƙe lambar da ta wuce alƙaluma 15, sauran sai ya mayar da su sifili. Don haka kafin ku zuba komai, ku saita layin lambobin a matsayin rubutu.

Masu kula da manhaja, ga naku. A tsarin FHIR, wato ƙa'idar musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji wadda ƙungiyar HL7 mai tsara irin waɗannan ƙa'idoji ta fitar, lamba iri biyu ce. Akwai wadda na'urar ajiya ke bai wa kowane bayani a cikinta, akwai kuma ta majiyyacin kansa, irin ta katin asibiti. Ta farkon na iya canzawa idan an koma wata na'urar, alhali gwaje-gwajen suna nan suna nuni da tsohuwar. Ku ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe. Idan an tarar mutum ɗaya an yi masa rajista sau biyu, a haɗe su ba tare da an goge ko ɗaya ba. Lambar wanda ya rasu kuwa, don Allah kada a ba wani.

Duk ranar da aka kwashe bayanai, ku zaɓi majiyyata goma, ku buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ku tabbatar gwaji da magani sun bi mai su kafin ku tashi.