Matsayin Kakanni a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa a gidajen Hausawa jika ya fi sakewa da kakarsa fiye da mahaifiyarsa?

Tushen wannan yana cikin al'adar kunya. A gidajen da ake riƙe da gargajiya, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta rungumarsa a gaban jama'a, kuma uba ma yakan yi kamar bai damu da shi ba, alhali zuciyarsa na kansa. Wannan soyayyar da iyaye suke ɓoyewa, kaka ce aka ba damar bayyana ta a fili. Ita ce take goya shi ba tare da jin nauyin kowa ba, wurinta ake kai shi idan lokacin yaye ya yi, kuma ɗakinta yake gudu idan ya yi laifi aka ɗauko bulala. Sau da yawa ma sunan kakan ake raɗa wa yaron, shi ya sa iyaye suke sakaya sunan su ce Abba, ko Baba, ko Ummi, domin ba za su iya furta sunan mahaifansu kai tsaye ba.

Wasan da ke tsakanin jika da kaka shi ma aiki yake yi. Kaka takan kira jikanta "mijina" ko "maigidana", ta kira jikanyarta "kishiyata", su kuma su tsokane ta da tsufa, ta rama. A cikin wannan raha ce yarinya take iya faɗa wa kakarta damuwar da ba za ta taɓa iya buɗe baki ta faɗa wa mahaifinta ba, kuma ta wannan ƙofa ake gano matsaloli da yawa tun ba su yi girma ba. Da dare kuwa, idan ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yara suka amsa "Ta zo mu ji ta", labarin Gizo da Ƙoƙi yana koya musu harshe da hikima ta hanyar da ba su ma san karatu ake yi musu ba.

Shin addinin Musulunci ya ware wa kakanni wani haƙƙi na musamman?

Malamai sun bayyana cewa umarnin kyautata wa iyaye ya haɗa da kakanni, domin su ma iyaye ne. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun hana ko da furta kalmar ƙosawa ga iyayen da tsufa ya cim musu, sun kuma yi umarni da a yi musu magana ta girmamawa da addu'ar rahama. Akwai hadisin da Tirmizi da Abu Dawuda suka rawaito cewa ba ya cikinmu wanda bai ji ƙan ƙanananmu ba, bai kuma san girman manyanmu ba. Tarihin Annabi Muhammadu (SAW) kansa shaida ne: bayan rasuwar mahaifiyarsa Amina yana ɗan shekara 6, kakansa Abdul Muɗɗalib ne ya riƙe shi har ya kai shekara 8.

Kaka tana da rabo a gado, ko iko wajen riƙon jika?

Tana da su duka biyu. Idan mutum ya rasu ba shi da uwa a raye, kakarsa tana samun sudusi, wato kashi 1 cikin 6 na dukiyar. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wata kaka ta zo wurin Halifa Abubakar tana neman rabonta, bai yanke hukunci ba sai da Mugira ɗan Shu'uba ya shaida cewa Manzon Allah ya ba kaka sudusi, Muhammadu ɗan Maslama kuma ya tabbatar da hakan. Kaka namiji na wajen uba shi ma yana gado idan uban ba ya raye. Game da riƙo kuwa, a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na arewacin Najeriya suke aiki da ita, idan haƙƙin uwa ya faɗi, mahaifiyar uwa ce ta farko a layi, kafin a kai ga dangin uba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa ake ƙwace yara daga hannun kakarsu ta wajen uwa da sunan cewa ɗa na uba ne.

Akwai kuma nauyin da ke kan kakan kansa. Jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa ba ya cin gado matuƙar kakan ya bar ɗa namiji a raye. Masar ta magance wannan a dokarta ta 1946 ta hanyar wajabta wasiyya ga irin waɗannan marayu. A wurinmu hanyar a buɗe take: kaka na iya yi musu wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ko ya ba su kyauta tun yana da rai. Abin takaici ne ganin yadda dattawa masu hali suke rasuwa ba su yi ko ɗaya ba.

Idan shawarar kaka ta saɓa wa ta likita fa?

Nan ne girmamawa take buƙatar hikima. Kaka ce take kula da mai jego na kwana 40, kuma wannan hidima ce da babu kuɗin da zai biya ta. Amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawaitar ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Haka nan masana lafiya suna hana cire beli, suna kuma ba da shawarar nono zalla har wata 6, ba tare da ruwa ba. Bin lafiyar uwa da jariri wajibi ne, sai dai ba a yin hakan ta hanyar ce wa tsohuwa zamaninta ya wuce. Abin da ya fi aiki shi ne a tafi da ita asibiti ranar awo ta ji bayanin da kunnenta, domin idan ta gamsu, babu wanda zai fi ta tsare dokar a cikin gida.

Yaya wanda yake zaune a birni ko ƙasar waje zai sauke nauyin kakanni da ke kansa?

Aika kuɗi da turmin atamfa lokacin Sallah abu ne mai kyau, amma bai isa ba. Tsoho yana son a riƙa neman shawararsa kafin a yanke maganar aure ko sunan jariri, ba a sanar da shi bayan an gama ba. A miƙa wa yara waya su gaishe shi da bakinsu, a kai su hutu su kwana a gidan, a kuma koya musu Hausa sosai, domin jikan da ba ya jin harshen kakarsa ba zai iya hira da ita ba ko da suna ɗaki ɗaya.

Me ya kamata a yi idan kaka ta fara mantuwa da ruɗewa?

A kai ta asibiti. Mantuwa mai tsanani, da rashin gane 'ya'ya, da fita cikin dare ba a san inda aka nufa ba, alamu ne na cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ba halin banza ba ne, kuma ba maita ba ce, duk da cewa an sha jifan tsofaffin mata da wannan mummunan zargi saboda maganganun da suke yi cikin ruɗu. Wani lokaci ma hawan jini, ko ciwon suga, ko wani magani da take sha ne ya jawo ruɗewar, kuma ana iya samun sauƙi. Kula da irin wannan mara lafiya yana gajiyar da mutum, saboda haka bai dace a bar shi kan suruka ɗaya ko 'ya ɗaya ba. 'Ya'ya maza da mata su zauna su raba kwanakin jinya da kuɗin magani, jikokin da suka tasa kuma a ba su nasu aikin na ba ta abinci, da raka ta banɗaki, da zama kusa da ita idan dare ya yi.