Wai kankare ba ya gajiya?

Jama'a, an daɗe ana cewa in ginin kankare da rodi ya ɗauki nauyi sau ɗaya bai faɗi ba to shikenan har abada zai ɗauka. Ba abin mamaki ba ne a yarda, tunda muna ganin gada tsaye ƙyam shekara da shekaru.

Amma kankare na gajiya. Duk tirelar da ta hau gada ta wuce, ƙananan tsagu da ido ba ya gani suna buɗewa su rufe, a hankali suna ƙara tsawo, riƙon da kankare ya yi wa rodi yana saki. Gwaje-gwaje sun nuna in aka yi ta ɗora nauyi ana saukewa sau miliyan 10, kusan rabin abin da yake ɗauka a karo ɗaya ma zai iya karya shi. Shi ya sa injiniyoyi ke zana gadar a kwamfuta su yanka ta gunduwa-gunduwa dubbai, su yi ta maimaita nauyin suna duba inda tsaga za ta fara, sannan dole su kwatanta da ginshiƙi na gaske da aka matsa a ɗakin gwaji, don kwamfuta abin da ka ba ta shi take lissafawa.

Ɗauki wayar ɗaurin rodi ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ga ta tsinke ba wani ƙarfi. Dakin (wato rufin kankare) na gidan zama bai cika shiga wannan matsalar ba, amma in akwai janareta ko injin niƙa a kai kuma ka ga tsaga, sa alama da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, in ta wuce alamar kira injiniya.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman magina.