Kanikuros: gudun daji da kare a lokacin ruwan sama

Kanikuros wasa ne da mutum yake gudu a hanyoyin daji ko na tsaunuka yana ɗaure da karensa, karen yana gaba yana jan sa. Asalinsa daga Turai ne, wurin masu tseren karnukan da ke jan amalanke a kan dusar ƙanƙara. Idan ƙanƙara ta narke, sai su riƙa fita gudu da karnukan don kada ƙarfinsu ya ragu kafin hunturu ya zagayo. A hankali abin ya zama wasa mai cin gashin kansa, musamman a Faransa da Beljiyam da Birtaniya. Hukumar IFSS, mai kula da wasannin karnukan ja a duniya, wadda aka kafa a 1985, tana saka shi cikin gasanninta na kan ƙasa, wato waɗanda ba a kan ƙanƙara ake yi ba, kuma a 2008 aka fara yin sa a Crufts, babban bajekolin karnuka na Ingila.

Kayan wasan uku ne. Kare yana sa ɗamarar da ke raba nauyin ja a ƙirji da kafaɗu, domin ba a ɗaure shi a wuya, gudun kada a shaƙe shi. Mai gudu yana ɗaura faffaɗan bel a ƙugu. Tsakaninsu akwai igiya mai roba, tsawonta kamar mita 2 idan ta miƙe, ita ke shanye fizga. Tsere yakan kai kimanin kilomita 5, kuma da baki ake yi wa kare jagora: dama, hagu, sassauta, tsaya. Kowane lafiyayyen kare da ya cika shekara zai iya, amma manyan ’yan gasa sun fi son irin Greyster, wanda aka samar a Norway, da Eurohound. Masu gajeren hanci irin su bulldog da pug ba nasu ba ne, domin numfashi yana yi musu wuya.

A Turai daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ake yawan wasan, wato lokacin ruwa da taɓo, kuma da gangan aka zaɓi hakan. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma’aunin Salshiyos, idan ya haura 41 kuwa ransa yana cikin haɗari. Saboda haka yayyafi mai sanyi alheri ne a gare shi. Inda mutane suke ruɗuwa shi ne ruwan da ya sauka a rana mai ɗumi: iska ta cika da laima, haki ba ya sanyaya jiki yadda ya kamata, mai karen kuma yana ganin ai ana ruwa, babu komai. Karen da ya saba ja ba ya tsayawa don kansa. Zai ci gaba harshe a waje, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya suna tangaɗi, har ya faɗi. Wannan nauyi a wuyan mutum yake, kuma babu lambar yabon da ta kai a yi sakaci da shi.

Ga mai gudu, santsi ne babbar matsala. Saiwar itace da ta jiƙe, da dutse mai gansakuka, da gangaren da ya zama laka, duk suna kayar da mutum, balle ga kare yana jan sa ta ƙugu. Shi ya sa ake sa takalmi mai dogayen haƙora, ake taƙaita taku, ake kuma koya wa kare komawa gefe ko baya idan an zo gangara. Idan ana tsawa da walƙiya, ba a fita sam.

Ruwan da ya kwanta a hanya ma abin lura ne. Cutar leptospirosis tana yaɗuwa ta ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata, tana taɓa ƙoda da hanta, kuma tana kama mutum. Akwai allurar rigakafinta ga karnuka. A Birtaniya, tun 2012 ake ganin wata cuta da ake kira Alabama rot, wadda ke farawa da gyambo a ƙafa, wani lokaci ta kai ga lalata ƙoda. An fi samun ta daga Nuwamba zuwa Mayu, shi ya sa likitocin dabbobi suke ba da shawarar wanke taɓo da zarar an dawo daga daji.

Bayan gudu ana cire jiƙaƙƙiyar ɗamara nan take don kada ta goge fata a hammata, a goge karen da tawul, a buɗa tsakanin yatsunsa a duba ƙaya ko tsaga, domin tafin da ya daɗe a ruwa yana laushi. Ana laluba kunne da wuya saboda kaska. Ruwan sha kaɗan-kaɗan ake ba shi, abinci kuwa sai numfashinsa ya daidaita.