Waiwaye: Daga babban tebur zuwa zaman takwas-takwas

Duk wanda ya taɓa zuwa taron ƙungiya a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ya san yadda ake yi: manya a babban tebur, jawabi na bin jawabi, matasa na danna waya, mata can baya, a shafa fatiha a watse. Ba Kumasi kaɗai ke fama da wannan ciwo ba, kuma an fi shekara 60 ana nema masa magani.

A 1960, bayan an haɗe kamfanoni biyu masu ƙera injin jirgin sama a Ingila sun zama Bristol Siddeley, kowane ɓangare na ja wa kansa. Masana halayyar zamantakewa Fred Emery da Eric Trist suka keɓe shugabannin na wasu kwanaki, suka sa su fara duba inda duniya ta dosa kafin su taɓo abin da ya raba su. A 1985 wani Ba'amurke, Harrison Owen, ya fito da taro marar ajanda da ake zama a da'ira, bayan ya lura hirar lokacin shan shayi ta fi jawabai amfani. Zaman da'irar kuwa, a wani ƙauyen Laberiya ya gan shi.

Tsarin taron da ya fi dacewa da kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa shi ne Future Search na Marvin Weisbord da Sandra Janoff, wanda littafinsa ya fito a 1995. Mutum 64 ake so, tebur takwas, kowane da mutum takwas, awa 16 a cikin kwana uku. Ana manna doguwar takarda a bango kowa ya rubuta abin da ya wuce, sannan halin da ake ciki, sannan goben da ake buri. Wani zaman ana cakuɗa su, liman da tela da uwar marayu a tebur ɗaya. Wani zaman kowa ya koma cikin 'yan sana'arsa. Abin da aka kasa daidaitawa a kai sai a rubuta shi gefe, ba a tsayawa jayayya.

A zango, kunya ce ke fara karya tsarin. Yaro ba zai ce "Baba, ba haka ba ne" a gaban sarki ba, don haka a fara da zaman tsara da tsara, mata su kaɗai, sannan a cakuɗa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko a sa masa marubuci.

Abu na biyu da ke karya shi, matse taron zuwa yini ɗaya don tsimin kuɗin abinci. Dare biyun da ke tsakani ba ado ba ne, a nan ne magana ke dahuwa a zuci. Mafi muni shi ne mai iko da kuɗi, ko ɗan majalisar gunduma, ya buɗe taro ya bar wakili. Ranar ƙarshe a raba aiki, a rasa mai cewa "na ɗauki nauyi", takardun bango su ƙare a kwali a ofishin sakatare.