Dokokin Kare Iyali daga Bashin Jinya a Kano

Bashin jinya shi ne bashin da ke hawa kan magidanci saboda kuɗin asibiti, magani ko tiyata. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Shi ya sa a birnin Kano tiyatar haihuwa ɗaya, ko wankin ƙoda da ake maimaitawa duk mako, kan sa a sayar da fili ko kayan ɗaki, ko a kai takardar magani masallaci a nemi taimako bayan sallah.

Dokokin da ake da su ba sa yafe bashin da aka riga aka ci, ƙoƙarinsu shi ne a tare shi kafin ya hau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin inshorar lafiya na NHIS, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta tanadi asusun marasa galihu.

Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, inda aka kafa hukumar inshorar lafiya ta jihar, KSCHMA, bisa tsarin taimakekeniya: kowa ya zuba kaɗan, a yi jinyar wanda ciwo ya kama. A 2017 aka ƙara da asusun tallafa wa harkar lafiya na jihar, KHETFUND.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen shigar da mutane cikin tsarin inshorar. Ma'aikacin gwamnati daga albashinsa ake cirewa, ba sai an tambaye shi ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko mai adaidaita sahu kuwa sai ya kai kansa ya biya, kuma irinsu ne suka fi yawa a birnin. Mai katin inshora a hannu ma wani lokaci akan ce masa maganin ya ƙare, ya fita kemis ya saya da kuɗinsa. Hana korar majinyacin gaggawa kuma bai goge lissafi ba, bayan an ceto rai takardar biya tana jiran iyalinsa.