Waiwaye: Tushen Ƙarancin Ma'aikatan Jinya a Arewacin Najeriya

Ƙarancin nas-nas da ungozomomi a Arewacin Najeriya ya girmi tururuwar fita ƙasashen waje da ake ta kokawa a kai yanzu, domin tushensa yana cikin tarihin karatun boko, musamman na 'ya'ya mata. Tun zamanin Turawa asibitocin yankin suka dogara da ma'aikata 'yan Kudu, kuma rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya suka kori da yawansu gida, aka bar guraben da ba a yi tanadin masu cike su ba.

Har yau makarantar jinya ba ta ɗaukar ɗaliba sai tana da kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, alhali sakandaren ƙauye sau da yawa ba ta da malamin ko ɗaya daga cikin darussan kimiyyar, kuma yarinyar da ta kai wannan mataki galibi maganar aurenta ta riga ta taso. Wannan giɓi ne shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya nemi cikewa da ajin share fage ga 'yan matan karkara, bisa alƙawarin su koma garuruwansu aiki. A ganina wannan ya fi kusa da maganin cutar fiye da shirin ungozomomi na gwamnatin tarayya na 2009, wanda ya tura baƙi ƙauyuka, sannan rashin biyan alawus daga jihohi da ƙananan hukumomi ya sa da yawa suka tattara kayansu.

Wadda ta samu horon ma ba ta zama. Tana barin ƙauye zuwa birni, ta bar asibitin jiha zuwa na tarayya inda albashi ya fi tsoka, daga can kuma sai Saudiyya ko Ingila. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, kuma kisan ungozomomi biyu na ƙungiyar Red Cross da aka sace a Rann ta Jihar Borno a 2018 bai bar zukatan ma'aikata ba.

Wanda ya taɓa kwana jinya ya san sakamakon: nas ɗaya a aikin dare tana zagaya ɗaki cike da gadaje, 'yan jinya ne ke lura da ƙarin ruwa su ruga kiranta in ya ƙare. A ƙauye kuwa, mai naƙuda ta iso cikin dare ta tarar da ɗakin haihuwa a kulle. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin.

A Fabrairun 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta ce nas-nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, ta kuma gindaya sharaɗin aikin shekara biyu kafin a tantance takardun mai son fita. Ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, suna cewa a gyara albashi da yanayin aiki tukuna, kuma a ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi kan waɗannan buƙatu.